Shafin Auta Ya Koma Gidan Haya

Ƙanena, autan ɗakinmu, bai taɓa yin ƙaramin abu ba tunda aka haife shi. In ya yi atishawa sai ya ce likitoci sun yi mamakin ƙarfinta. Aikinsa na gaskiya tsaron sito ne a kamfanin fenti, yana jera gwangwani daga safe har yamma, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya gyara wuyan riga ya ce maka shi marubuci ne na duniya. Dalili kuwa yana da shafi a intanet, irin wanda ake cewa bulog, ya raɗa masa suna Kogin Basira. A nan yake ba shugabannin ƙasashe shawara, yana gyara wa masana kuskure, yana koya wa jama'a yadda ya kamata a naɗe laima. Kowace magana tasa da "duniya ta sani" take farawa, har 'yan layinmu suka mayar da ita sunansa. Ni dai Auta nake ce masa, don ni na goye shi, kuma na san shekarar da ya daina fitsarin kwance.

Ina da shagon ɗinki a ƙasan benen da muke haya, shi da matarsa suna sama, saitin kaina. Matar tasa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata. Mace ce mai haƙuri, sai dai haƙurin nata ya fara tsufa.

Kogin nan gaba ɗayansa a cikin wata tsohuwar kwamfuta yake, wadda ofishinsu suka yar ya tsinto. Wani abokin aikinsa ne ya haɗa masa ita kafin a yi masa canjin wurin aiki, ya ce masa muddin tana kunne kowa zai ga shafin, in ta mutu shafin ya mutu. Auta ya girke ta a falo, tsakanin firij da kujera, yana kiranta saba, wai haka sunan irinta yake da Turanci. Na ce masa sunan ya dace, don dole muka saba da ita. Gurnani take yi ba hutawa, ina jin ta ta silin ko keken ɗinkina yana tafiya. Matsalar ita ce soket ɗaya ne mai rai a falon. Firij na kansa, saba na kansa, kuma kullum da safe sai Malama ta goge kayan makaranta. Sai ta zare saba ta soka dutsen guga, duniya ta zauna jira har ta gama.

Abin da ya fi fasa masa kai shi ne masu sharhi. Ƙarƙashin kowane rubutu za ka ga mutane sun yi layi suna yabo. Akwai Farfesa Daga Ƙetare, wanda ya ce da rubutun Auta yake koyar da ɗalibansa. Akwai Dattijo Mai Kishin Gaskiya, wanda duk abin da ya karanta sai ya zubar da hawaye. Akwai wani Ɗan Adawa mai taurin kai, da zai zo da zafinsa, Auta ya kayar da shi da hujja, ya ba da haƙuri ya tafi, gobe ya dawo a sake kayar da shi. Sai kuma wata Masoyiyar Alƙalaminka, wadda ta hana gidan zaman lafiya. Ita ce ke rubuta cewa da za ta ga hannun da ke wannan rubutu, da ta mutu tana murmushi. Malama ta sha saukowa shagona ido jajir a kan matar nan.

"Yaya, ki ja masa kunne. Wace ce ita? Me ya haɗa ta da hannunsa?"

In na tambaye shi sai ya ɗaga kafaɗa. "Ɗaukaka ce, Yaya. Ni ma ban san ta ba. Zan hana mutane so na ne?"

Ana nan sai ƙungiyar mazauna layinmu ta ce tana neman kakaki, wanda zai riƙa magana da yawunmu a gaban masu ruwa da masu shara, da 'yan jarida in Allah ya sa sun ɓato hanya sun zo. Babu albashi, sai kati mai hoto da kujera kusa da Shugaba. Tunda Auta ya ji kati mai hoto bai ƙara cin abinci ya ƙoshi ba. Mutum biyu suka fito nema, shi da Mai Kemis na bakin kwana, wanda ba sa ga maciji da juna tun wata rigima a kan wurin ajiye babur.

Shagon Mai Aski jikin nawa yake, kuma bencin da ke gabansa nan ne majalisar layin, saboda haka komai a kunnena aka yi. Shugaba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mai sanƙo tal, yana zuwa shagon ne don hira kawai, don babu abin da za a aske.

"Baba Shugaba," in ji Auta, "ai maganar kakaki ta ƙare. Duniya ta sani, babu nahiyar da ba a karanta ni."

Shugaba ya sauke tabarau. "Ɗana, ni fa duk sanda na leƙa kogin nan naka a ƙafe nake samun sa. Jiya da safe na gwada, allo fari fat."

"Cunkoso ne, Baba. Masu shiga sun yi yawa."

"Cunkoson kayan guga dai," in ji Mai Aski. "Ni da na ga Malama ta fito da riga a goge, na san yau duniya ta yi asarar basira."

Mai Kemis ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Kakakin da dutsen guga ke rufe wa baki, ranar da aka yanke mana ruwa sai mu jira a gama wuyan riga."

Aka kwashe da dariya. Shugaba ya ɗaga hannu ya ce, "To mu yi ta a taƙaice. Ranar taro ka buɗe mana shi a gaban kowa. In ya buɗe, muka ga jama'ar nan taka da idonmu, hannuna naka ne. In bai buɗe ba, ka bar wa Mai Kemis."

Auta ya miƙe har yana ture benci. "Duniya ta sani, daga yau Kogin Basira ya bar gida! Zan kama masa haya a kamfanin masauki, inda manyan shafuka suke zama. Can wuta ba ta ɗaukewa, kuma babu mai guga."

Ya kuwa biya. Kamfanin suka turo masa saƙo suna yi masa barka da zuwa, suka ce yanzu sai ya ƙauro da shafinsa. A kan kalmar ƙaura ɗin nan muka shiga uku. Auta ya yi ƙaura sau da dama a rayuwarsa, kuma kowace ya san yadda take: a ɗaure kaya, a kira mota.

Ranar da ba aiki, ina cikin yankan yadi, sai na ji silin ya yi tsit. Can sai ga shi yana saukowa da saba a rungume, ya naɗe ta da sabon zanen gadon Malama. Tasi na jira a ƙofa.

"Yaya, rufe shago. Ke za ki riƙe ta a cinya, ba na son girgiza."

"Ka tabbata haka ake yi?"

"Yaya, ki bar wa masu ilimin abu abinsu."

Na bi shi ne don kada a ce ba shi da kowa. Mai Aski ya bar mutum da rabin kai a aske ya faɗo motar, wai zai taya mu ɗauka, alhali kowa ya san gulma ce ta kai shi. Auta ya fito da hannu ta taga yana ɗaga wa 'yan layi.

Ofishin kamfanin a can ƙololuwar wani dogon gini yake, lif kuma ya lalace. Muka hau da ƙafa muna haki. Auta ya yi mana alkawarin za mu ga ɗakuna masu sanyi cike da na'urori, sai muka tarar da ɗaki ɗaya, da tebur ɗaya, da tukunyar fulawa, da wata mata mai fara'a tana shan shayi. Ya dire saba a kan teburinta ya yaye zanen.

"Mun iso. A nuna mana ɗakinmu."

"Ɗakin me, Yallaɓai?"

"Na saba mana. Na biya haya. Ina son mai taga, ba ta son zafi."

Matar ta kalli saba, ta kalle ni, ta ajiye kofinta a hankali. "Yallaɓai, ba a kawo na'ura. Namu ma ba a ginin nan suke ba. Rubutun da ke cikinta za ka kwafe ka turo mana ta intanet, kana zaune a gidanka."

Mai Aski ya juya wa bango yana tari. Ni kuwa kunya ta sa na kama gyaran mayafi. Auta ko gezau.

"Ai na sani. Gwada ku nake yi. Wasu kamfanonin sai su karɓa su yi shiru. Kun ci jarrabawa."

"Mun gode, Yallaɓai. Sai dai tunda ka cire ta daga wuta, yanzu haka shafinka a rufe yake."

"Hutu na ba masu karatu. Sun gaji da mamaki."

Baiwar Allah ta ce in yana so su za su yi masa ƙaurar da kansu, ya ba su izinin shiga kawai, ba sai ya ƙara komai ba. Na buɗe baki zan ce Allah ya saka da alheri, sai Auta ya taka mini ƙafa.

"In ba ku makullin kogina? Ku shiga ku ga mutanena, ku kwashe mini Farfesa ku sayar wa wani? Da hannuna zan yi."

Ta rubuta masa lambarta ta ce ya kira in ya maƙale. Ya ce ba zai maƙale ba, amma ya sa takardar a aljihu.

A wajen saukowa ya ce shi kaɗai zai ɗauka, don mu ba mu san darajarta ba. Zanen gadon mai santsi ne. Muna kan matakala ta sulluɓe daga hannunsa, ta gangara tana buga kowane tsani, har sai da bango ya tare ta.

"Ta fi mu son gida," in ji Mai Aski.

Da muka dawo aka soka ta a wuta, ta kama, amma babu gurnani. Fankar cikinta ta karye. Sai ta ɗan yi aiki, ta yi zafi kamar murfin tukunya, ta mutu, kuma kwafe rubutun yana son ta daɗe a kunne. Auta ya ba ni murfin kwali ya ce in yi mata fifita. Ni da na goye shi, yau ga ni a durƙushe ina yi wa kwamfuta fifita, hannuna ya gaji, ita kuma ta mutu duk da haka. Ya aro fankar Mai Aski ya saita mata, ta ɗan ƙara daɗewa ta sake mutuwa. Nan ya dafa goshi, ya kalli firij, ya yi wani murmushi da na sani tun yana yaro, wanda ba ya ƙarewa da alheri.

Malama ta dawo daga kasuwa ta tarar da namanta da kayan miyarta a jere a kan kujera, saba kuma a kwance a cikin firij, wayoyi sun fito ta ƙofa.

"Maigida, mene ne wannan?"

"Ɗakin sanyi. Haka manyan kamfanoni suke yi."

"Naman fa?"

"Nama ba ya neman kujerar kakaki."

"Zanen gadona kuma me ya yaga shi?"

"Sadaukarwa ce. Za a rubuta sunanki a tarihi."

"A rubuta na Masoyiyar taka, ta zo ta ɗinke shi."

Firij da ƙofa a buɗe ba ya hutawa. Ya yi ta aiki, fankar Mai Aski na kaɗawa, ga saba, duk a soket ɗaya. Kwafin ya kusa ƙarewa, Auta ya fara shirya jawabin godiya, sai muka ji ɗas, hayaƙi ya fito daga bango, wutar benen gaba ɗaya ta ɗauke. Maƙwabta suka firfito kan matakala, wata da kumfa a hannu, wani da rabin rigar da yake gogewa. Auta ya tsaya a ƙofa ya shaida musu cewa irin wannan ɗan cikas ɗin ana samun sa a duk babban aiki na ƙasa da ƙasa. Wata tsohuwa daga saman bene ta ce in wutar ba ta dawo kafin wasan da take kallo ba, za ta nuna masa ƙasa da ƙasa. Shi ya nemo mai gyara, shi ya riƙe masa tsani.

Da kyar da siɗin goshi aka samu kwafin ya fita. Saura abu biyu: ya shigar da kayan sabon gida, sannan ya juya adireshin shafin ya koma can. Auta ya fara da na biyu, don shi ya fi sauƙi. Yana gamawa bai ko duba ba, ya aika wa duk 'yan layi saƙo a waya: "Buɗe Kogin Basira yanzu ka ga abin da rayuwarka ta daɗe tana nema."

Ba a jima ba sai ga Shugaba a ƙofar shagona, waya a hannu.

"Kira mini ƙanen naki."

Auta ya sauko da fara'a. "Baba, ya buɗe ko?"

"Ya buɗe. Karanta."

Babu rubutun Auta ko layi ɗaya. Hoton wani mutum ne mai kai sumul ya cika allon, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: SANƘO BA ƘADDARA BA NE, SHAFA KA GA GASHI.

"Wannan ne abin da rayuwata ta daɗe tana nema?"

"Baba, maƙiya ne! Hari aka kawo mini daga waje!"

Mai Kemis, da ya tsallako titi musamman, ya leƙa wayar ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ko a shagona ban taɓa yi maka wannan tayin ba."

Shugaba ya ja hularsa ya rufe kai har kunne. "Taro gobe ne. Saura kuma in zo in ga maganin haƙori."

Auta ya shige bayan labulen gwajin kaya a shagona ya kira matar kamfanin, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ba hari ba ne, ɗakin da ya kama ne babu kaya a ciki, shi ya sa ake liƙa talla a bango kafin mai shi ya tare. Ya fito ya ce mana ya fatattaki maharan.

Ranar taro, jama'a sun riga sun fara tafiya makarantar su Malama, inda aka ari aji ɗaya da majigi, shi kuwa yana falo yana fama da shigar da kaya. Saba na cikin firij, ni ina tsaye a kansa da takalmi a ƙafa, matar kamfanin na kan waya ya sa ta a lasifika.

"Yallaɓai, yanzu zai yi maka tambaya. Zai ce ga sunayen mutane da yawa a cikin kayan nan. A bar kowa da sunansa, ko a mayar da komai ƙarƙashin sunan mai shafi? Ka zaɓi a bar kowa da sunansa."

Auta ya toshe wayar da tafin hannu ya kalle ni. "Kin ji ko, Yaya? Ban faɗa miki ba? So suke a raba mini dukiya. Kowa ya ɗauki nasa ya tafi, in tashi ba ni da komai."

"Ka dai yi abin da ta ce."

"Shafin wa? Wa ya biya haya? Duk abin da ke cikin kogin nan nawa ne, har ƙwaron da ke ciki."

Ya danna sunan mai shafi da ƙarfi, ya ce wa matar an gode, ya kashe waya tana cikin magana. Kayan suka shige. Allo ya nuna an gama. Ba a yi nisa ba saba ta yi wani ɗan kuka a cikin firij, fitilarta ta mutu, warin ƙonewa ya cika falon. Auta ya ce ta cika aikinta, ya zura babbar riga, muka fita da gudu-gudu bai duba komai ba.

Ajin ya cika. Manyan mutane sun takure a bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Malama na gefen taga da sauran mata. Aka haska majigi a bango, Auta ya rubuta adireshin da yatsa ɗaya, a hankali, don kowa ya gani. Shafin ya buɗe. Ga Kogin Basira, ga hotonsa ya tallafe haɓa yana kallon nesa. Wallahi sai da na ji daɗi har cikin raina, na ce yau dai Allah ya rufa mana asiri. Har Shugaba ya gyaɗa kai.

Da ya tsaya nan da ya ci. Amma Auta ba ya tsayawa.

"Jama'a, ba zan yabi kaina ba, ba halina ba ne. Bari abokin takarata ya karanta muku abin da duniya take cewa, da bakinsa."

Ya miƙa wa Mai Kemis linzamin kwamfuta, shi kuma ya juya wa bango baya, ya fuskanci mutane, ya harɗe hannu ya lumshe ido.

Mai Kemis ya gangara ƙasan rubutun. Ya tsaya. Ya matsa kusa da bango ya ƙura ido. Sai na ga fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

"In karanta har da sunan mai sharhin?"

"Har da shi," in ji Auta, ido a rufe.

"To. Mai shafi ya ce: Ni farfesa ne a ƙetare, kuma ban taɓa ganin ƙwaƙwalwa irin taka ba. Sai mai shafi ya amsa: Na gode, Farfesa, ai kai ne babba."

Aka fara ƙus-ƙus. Kowane sharhi, daga sama har ƙasa, sunan Auta ne a kai, ga ɗan hotonsa a gefe ya tallafe haɓa. Babu Farfesa, babu Dattijo, babu kowa. Hoto ɗaya ne ya yi layi har ƙasan bango.

"Mai shafi ya ce: Ni tsoho ne, na karanta wannan sai hawaye. Mai shafi ya ce: Share hawayenka, Baba. Mai shafi ya ce: Ƙarya kake, ba ka san komai ba! Mai shafi ya ce: Kawo hujja. Mai shafi ya ce: Ka yi haƙuri, ka fi ni gaskiya."

Auta ya buɗe ido ya waiwaya.

"Kuskuren na'ura ne! Wajen ƙaura ne sunaye suka cakuɗe! Mutanen nan suna nan da ransu!"

"To kira mana Farfesa a waya," in ji Shugaba.

"Yanzu dare ne a ƙasarsu."

"Dattijon fa?"

"Ba ya jin kira, kunnensa ya yi nauyi."

Wataƙila da wasu sun yarda, don ba kowa ya san yadda abin yake ba. Sai Malama ta miƙe daga gefen taga.

"Mai Kemis, don Allah gangara mini wajen Masoyiyar Alƙalaminka."

Ya gangara. Ya karanta da wata siririyar murya: "Mai shafi ya ce: Da zan ga hannun da ke wannan rubutu, da na mutu ina murmusi."

"Sake karanta kalmar ƙarshe."

"Murmusi."

"Murmusi," in ji Malama. "Tun muna neman aure haka yake rubuta ta, na gyara har na gaji. Kishi ne ya rufe mini ido ban lura ba." Ta juyo ta kalli mijinta. "Maigida, ashe duk abincin da na ƙi ci, duk kukan da na kai wa Yaya, da kai nake kishi?"

Ajin ya ruɗe. Mai Aski ya faɗo daga benci yana riƙe ciki. Tsohuwar saman bene tana tambaya a maimaita mata don ba ta ji da kyau ba, aka maimaita mata, ta ce a sake. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Haushinsa nake ji kamar in make shi, tausayinsa kuma ya cika mini ƙirji, don na ga yadda babbar rigar ta yi masa yawa a tsaye a wurin.

Shugaba ya buga tebur ya ce a yi zaɓe a tashi. Masu son Mai Kemis, hannuwa suka tashi ko'ina, har da na Malama. Masu son Auta, sai ya ɗaga hannu biyu.

"Na hagun na Farfesa ne?" in ji Shugaba. "Sauke ɗaya."

Ni ma na ɗaga nawa, don ƙanena ne, ba ni da wani. Mai Aski ya nuno ni daga ƙasa inda yake zaune.

"A duba Yayar nan da kyau, kada ita ma shi ne!"

Haka Mai Kemis ya tafi da kati mai hoto da kujera kusa da Shugaba. Auta ya fice ta ƙofar baya, bai jira kowa ba.

Washegari bai fita aiki ba. Na ga Malama ta wuce makaranta tana dariya ita kaɗai. Da na ji shirun ya yi yawa sai na haɗa shayi na hau, ina shirya kalaman da zan lallashe shi da su. Na tarar da shi a ƙasa, ya jingina da kujera, waya a hannu, ido ya yi ja. Labarin ya bar layinmu tun jiya, ya zaga gari, kuma shafin yana nan a buɗe, bai ƙafe ba ko sau ɗaya. Sharhi sai shigowa yake. Wani ya ce a gaida Farfesa. Wata ta ce ita ce Masoyiyar ta gaskiya, a turo mata hoton hannun. Wani kuma bai yi wasa ba, ya rubuta dogon zagi, ya ce tunda yake bai taɓa karanta shirme irin na naɗe laima ba, kuma ya bi rubutun layi-layi yana nuna inda shirmen yake.

"Rufe abin nan, Auta," na ce. "Sha shayi."

Bai karɓa ba. Ya miƙo mini wayar, ya nuna mini dogon zagin, sai na ga ashe ba kukan baƙin ciki yake yi ba.

"Yaya, duba. Har ƙarshe ya karanta. Kuma wallahi wannan ba ni na rubuta ba."